Maganar da na fitar daga ɗakin taro

Shekara biyu bayan na yi ritaya daga aikin hedimasta, aka saka ni cikin kwamitin ba da shawara na wani ƙaramin banki da gwamnati ta buɗe wa manoma da 'yan kasuwa a Wudil. Mu bakwai ne. Ranar da muka kama aiki, wani lauya ya zo daga Kano ya karanta mana sharuɗɗa: mu riƙa halartar taro, mu karanta takarda kafin mu sa hannu, kuma duk abin da aka tattauna amana ne. Ya ce wanda ya fitar da magana har ta jawo ɓarna, shi kaɗai zai ɗauki alhaki, kwamiti ba zai kare shi ba. Na sa hannu, hankalina yana kan irin gaisuwar da za a riƙa yi mini a masallaci.

A wani taro na ranar Laraba, manaja ya gaya mana masu bincike za su zo, don haka za a dakatar da cire kuɗi na 'yan kwanaki. Babu abin da ya ɓace, aiki ne da aka saba yi. Ya roƙe mu kada maganar ta fita kafin a liƙa sanarwa.

Da yamma na biya ta wajen ƙanwata, wadda ke sayar da tukwane kusa da gada. 'Yar ajiyarta tana bankin. Ba ta tambaye ni komai ba. Ni ne na rage murya na ce za a dakatar da cire kuɗi, idan tana da buƙata ta je washegari, kuma kada ta gaya wa kowa. Ba tausayinta kaɗai ya sa ni ba. So nake ta san yayanta yana zama inda ake jin irin waɗannan maganganu.

Ranar Juma'a, ranar kasuwa, layi ya kai har titi. Mutane sun zo daga Darki da Ɗankaza, an ce musu banki zai rushe. Aka yi ta turereniya har gilashin ƙofa ya fashe, ya yanki mai gadi a hannu.

Shugaban kwamiti ya tara mu, ya tambaye mu ɗaya bayan ɗaya ko mu muka fitar da maganar. Da aka zo kaina na girgiza kai. Zargi ya faɗa kan sakatariyar da ke buga bayanan taro, saboda mijinta dillali ne a kara, kasuwar dabbobi. Aka dakatar da ita. Ina zaune ta tattara jakarta ta fita.

Kwana goma sha ɗaya na yi ina cin abinci ba na jin ɗanɗanonsa, sannan na rubuta wa shugaba gaskiya. Lauyan nan ya dawo, ya ajiye takardar da na sa wa hannu a gabana, ya ce in karanta da ƙarfi. Aka cire ni daga kwamiti, aka ɗora mini gyaran ƙofa da jinyar mai gadi.

Na je gidan sakatariyar neman gafara. Mijinta ya shimfiɗa mini tabarma a zaure, ta fito ta durƙusa ta gaishe ni kamar yadda ta saba. Na fara bayani, sai ta ce, "Baba, ai na sani tun ranar Juma'ar. Ƙanwarka ce ta gaya wa mahaifiyata a layi."

Na tambaye ta me ya hana ta faɗa.

"Na ɗauka za ka faɗa da kanka a taron."

Ta ce ta yafe, ta shiga ta aiko mini da ruwa. An mayar da ita bakin aiki, amma ba ta daɗe ba ta nemi canji zuwa wani ofishi a jami'a. Ni kuwa har yau fanshona ta bankin yake shigowa, kuma mai gadin nan shi ke buɗe mini ƙofa.