Jan Ƙyallen Wutsiya

Tela ne, amma ba mai ce masa tela sai baƙon da ya kawo ɗinki. Kowa Wutsiya yake kiransa, har matarsa in ta so tsokana. Shagonsa bai fi a juya ba: keken ɗinki, benci, da madubin da ya tsage a gefe. A bango, sama da tarin yadin mutane, kekensa na hawa ke rataye, kuma duk shagon ba abin da ya kai shi shan mai.

Sunan daga tsohon layin dogo ya samo shi. Da jirgi ya daina bi, aka kwashe ƙarafunan, aka shimfiɗa siririyar kwalta, aka hana mota da babur hawa. Sai wasu 'yan garin suka mai da ita wurin zuwansu ranakun hutu. Su fita da sassafe a kan kekuna, su ratsa garin masu injin niƙa, su sha shayi a tsohuwar tashar jirgi, su kwana a garin bayan gada, washegari su juyo. Ƙa'idarsu ɗaya ce: dole wani ya zama wutsiya, ya zauna can baya da jan ƙyalle a sirdinsa, ɗauke da famfo da faci da sifana, kuma ba ya wuce kowa. Ko tayarka ce ta sace, ko numfashi ne ya ƙare maka, tare zai tsaya da kai. Sai ya iso masauki ake cewa, “Mun cika.”

Tun gashinsa na baƙi tela ya karɓi aikin, har ya yi furfura bai sake shi ba. Bai taɓa sanin wanda ya fara isa ba, bai kuma damu ya sani ba. Abin da ya sani bayan mutane ne: wanda ke karkata in ya gaji, da wanda ke yin kamar yana duba birki alhali hutawa yake. Bai taɓa tona asirin kowa ba. Yana alfahari da ƙyallen nan fiye da duk rigar da ya taɓa ɗinkawa.

To, jiki magayi. Gwiwar da ta taka keken ɗinki da na hawa shekara da shekaru ta fara kai ƙara. Da ma shi ne na ƙarshe, don haka ya ɗauka ba mai ganewa. In ya iso shayi ya huce, sai ya ce ya tsaya ɗaure wa wani manomi sarƙa. Wata rana manomi, wata rana mai tallan ƙwai. Manoman hanyar nan dai sun sha lalacewar sarƙa a bakinsa.

'Yarsa, wadda ke aiki a asibiti, ta ga yadda yake dafa bango in zai miƙe.

“Baba, don Allah ka huta haka nan. In ka faɗi a hanya wa zai gan ka? Ba kowa a bayanka fa.”

“Ai shi ne aikin,” in ji shi. Ya ci gaba da saka zare a allura, abin da shi ma yanzu sai ya yi ta lalube. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Ranar da abin ya faru, bayan garin masu injin niƙa, inda hanya ke ɗan hawa, sauran suka ɓace masa. Yana ta fama da feda sai ya ji ƙarar sarƙa a bayansa. Ya matsa gefe don mai shi ya wuce, bai wuce ba. Da ya waiwaya, sai ga Barewa, mai walda, wanda ya fi kowa gudu a cikinsu kuma ya fi kowa faɗa wa mutane hakan.

“Kai Barewa, me kake yi a nan?”

“Tayata ce ta yi sanyi, Baba.”

Wutsiya ya dubi tayar. Cike take tam. Ya dubi kariyar ɗora kaya ta bayan keken, ya ga sabon famfo ɗaure da roba, ko ledarsa ba a cire ba. Nan ya gane cewa an zauna an yi shawara ba da shi ba, kuma ba wanda ya taɓa yarda da labarin manomi. Kunya ta kama shi, sai haushi ya biyo baya.

“Wuce mana.”

“Ba na wuce kowa, Baba.”

“Ni ne a baya!”

Barewa ya sunkuyar da kai yana murza birki.

Suka tsaya a bakin kwalta, ƙarar injin niƙa na zuwa musu daga nesa. Daga nan tela ya sauka, ya kwance jan ƙyallen. Ƙullin ya yi tauri, sai da ya sa haƙori. Da kansa ya ɗaura shi a sirdin Barewa.

“Ƙulli biyu ake yi, iska na kwance shi. Kuma in mutum ya ce maka birki yake dubawa, ka yarda.”

Ya hau ya ci gaba, sarƙar Barewa na ƙara a bayansa a hankali.

Da ya iso tsohuwar tasha, mutanen na zaune a benci da kofunansu. Suka yi masa sannu, mai shayi ya tura masa kofi. Ya jingine keke, ya tsaya yana jiran kalmar da ya saba ji, ba wanda ya faɗa. Sai da tayar Barewa ta shigo inuwar rumfa sannan wani ya ce, “Mun cika.”