Madam Shafa'atu da rufaffiyar ƙwarya

Duk shekara, da hatsi ya fara nuna, kafin a buɗe lakwal, wato makarantar boko, mutanen Dakoro sun saba ganin Madam Shafa'atu da hantsi tana bin gida-gida, da 'yar ƙwarya a hannu an rufe ta da faifai. Ita ce malamar 'yan kilas ɗin farko. Takan zauna gaban yaron da za a sa lakwal, ta ajiye ƙwaryar. Can sai a ji wani abu yana ƙwarzane daga ciki. Wasu sun ce iskoki take kiwo. Ba ta taɓa musawa ba, dariya kawai take yi.

Jira take yaro ya tambaya. 'Ya'yan ma'aikata, waɗanda suka saba a amsa musu a gida, tun ba ta zauna ba sun ce, "Mi ke ciki?" Waɗanda aka saba ce wa "yi shiru, manya na magana" sai sun ɗauki kwanaki. A wurinta ba su fi juna ƙwaƙwalwa ba, tsoro ne ya bambanta su, kuma a kan na biyun take ƙarar da takalmanta.

Wadda ta fi tsaya mata a rai ita ce Raliya, 'yar wasu makiyaya da suka sauko daga wajen Tagriss. Yarinyar ba kurma ba ce, amma ba ta magana. Kakarta Dela ta ja Madam gefe ta ce, "Madam, wagga ɗiya wabi ce. Ukku sunka riga ta, duk sun koma. Da ta fara baki sai tambayar ina sunka tahi. In sunka ji muryatta, zuwa za su yi su ɗauke ta." Shi ya sa duk sa'adda yarinyar ta buɗe baki, hannun kakar ke rufe shi. Zancen lakwal kuwa babu, tunda can tambaya ake yi.

Madam ba ta yi gardama da tsohuwar da ta rasa jikoki uku ba. Ta dai riƙa dawowa. Raliya takan zura wa ƙwaryar ido ko ƙiftawa babu, abin yana ƙwarzane, gida ya yi tsit har awaki. Madam da kanta ta ce tsigar jikinta takan tashi.

Wata safiya yarinyar ta matso, ta kara kunne a faifan, ta ce da wata murya kamar ta tsohuwa, "Yayyena na ciki?"

Ludayi ya suɓuce wa Dela. Ta miƙo hannu za ta rufe bakin, Madam ta riƙe hannun a hankali ta ce, "Inna, ki bar ta." Sannan ta dubi yarinyar: "Yayyenki suna wurin Allah, ba su zuwa ɗaukar kowa. Buɗe ki gani."

Raliya ta buɗe. Ɗan kunkuru ne ya leƙo da kai. "Mi yake ci?" in ji Raliya. Dela ta yi mako tana taɓa goshin yarinyar tana jiran zazzaɓi, bai zo ba. Ranar buɗe lakwal Dela da kanta ta riƙo hannunta har ƙofar kilas.

Madam, ke ce mai haƙurin jiran bakin da tsoro ya ɗinke. Ba ki raina gidan kowa ba, ba ki kuma bar ɗan kowa a baya ba. Bana kin ajiye aiki, mun gode, Allah Ya saka miki da alheri. Mu kuma iyaye, in yaro ya yi tambaya, ko mai tayar da gashi ce, mu janye hannu mu amsa.

Ranar da aka yi wa Madam ban kwana ta zo da ƙwaryar a rufe, ta ajiye a tsakiyar taro. Manya suka yi ta kallon juna. Wata matar aure ce ta ɗaga murya daga baya, da goyo a bayanta: "Madam, mi ke ciki?"

Raliya ce.