Mun Kai Inna Abuja Jinyar Maigidanta

Funtuwa zuwa Kaduna

Ana idar da sallar asuba muka fito, ni da mahaifiyata Inna, da kaya kamar masu ƙaura. Jaka ɗaya ce tawa. Sauran duk na Inna ne: kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, man shanu, da sabon zanin goyo da ta rungume ta hana a sa a but. Na ce, "Inna, jinya fa za mu, ba cin kasuwa ba." Ta ce, "A Abujar me suke ci? Takarda?"

Abin da ya tayar da mu shi ne, ƙanena Sanusi, wanda ke aiki a wata ma'aikatar tarayya, ya bugo waya cewa ɗansu na fari, Abba, ɗan shekara guda da 'yan watanni, yana da ƙaba. Likita ya ce wata 'yar ƙofa ce a matsematsinsa ba ta rufe ba tun haihuwa, hanji ke leƙowa ta nan in ya yi kuka ko yunƙuri. A makon nan hanjin ya fito ya ƙi komawa, yaro ya dinga amai, da ƙyar aka lallaɓa aka mayar. Sai likita ya sa ranar aiki, ya kuma ja musu kunne cewa kafin ranar kada a bar shi yana tsala kuka. In hanjin ya sake maƙalewa jini ya daina kai masa, ƙaramin aiki zai koma babba.

Inna na ji ta hau haɗa kaya. A wurinmu uwa ba ta kula ɗan fari a gaban surukai, ba ta lallashinsa, ko sunansa ba ta faɗa. Don haka a lissafin Inna yaron nan ba shi da kowa. "Wa zai riƙe shi? Yarinyar nan Rukayya kunya za ta hana ta." Na buɗe baki zan ce a Abuja babu wanda Rukayya, matar Sanusi, ke jin kunyarsa sai in mun je, na dubi fuskar Inna, na mayar da bakina na rufe.

Fijo muka samu a tasha. Bayan Giwa 'yan sanda suka tsayar da mu, ɗaya ya ce a buɗe but. Direba ya buɗe, daddawar Inna ta yi masa sallama, ya ja da baya ya ce, "Rufe, rufe, Allah ya kiyaye hanya." Direba ya dawo yana dariya ya ce, "Hajiya, don Allah kullum ki riƙa bin motata." Muka ratsa Zariya ana buɗe shaguna, hantsi ya yi mana a Kawo.

Kaduna zuwa Zuba

A Kawo muka canza mota. Wannan direban yaro ne mai son gudu, Inna ta zauna a bayansa, duk motar da ya yi niyyar wucewa sai ta ce, "Bar shi ya tafi, ɗan nan, ba gado za a raba a can ba." Kafin Kateri ya gaji, ya koma tafiyar mai kai amarya.

A Tafa aka tsaya cin abinci. Na sayi soyayyar doya da ƙwai, Inna ta ce ita ba ta cin abincin bakin titi, ta kwance dambunta na zogale. Can na waiga na tarar rabin doyata ta yi ƙafa. Ta ce ɗanɗanawa ta yi don ta san irin wahalar da matafiya ke sha.

Muna cikin haka Sanusi ya kira, ya ce yaro lafiya ƙalau, yana wasa, tun jiya bai yi kuka ba. Inna ta ce, "Dauriya ce kawai. Ce masa gani nan tafe." Da muka hango Dutsen Zuma ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce mutanen nan ko dutsensu ya fi na kowa ƙiba.

Durumi

Daga Zuba muka ɗauki koriyar tasi. Ko'ina ka duba gini ake yi, wani bene bai ƙare ba an tayar da wani a gefensa. Mai tasin Bayarabe ne, ya ce, "Mama, Durumi wane? Durumi da yawa ne fa." Sai da na haɗa shi da Sanusi a waya suka yi ta "oga, oga" kafin ya gane kwanar.

Muna shiga na hango Rukayya a ƙofar ɗaki, yaro a kafaɗarta, tana yi masa rawa yana ƙyaƙyatawa. Tana ganin Inna ta dire shi ƙasa kamar ya ƙona ta, ta durƙusa tana gaisuwa. Inna ta amsa a taƙaice ta sure jikanta. "Maigida! Ga amaryarka ta zo. Ina kuɗin cefane?" Maigida ya dubi wannan baƙuwar fuska, wadda rabonsa da ita tun yana cikin tsumma, ya ja numfashi, ya saki ƙara. Inna ta ce, "Ji miji, ba ko sisi sai tsiwa." Ta warware sabon zani ta ɗaure shi a baya.

Gaskiya hankalina ya tashi. Yaro na kuka yana miƙa hannu wajen kicin, uwar na ciki tana ta buga tukwane, Sanusi kuwa, da yake shi ma ɗan farinsa ne, ya tsaya yana duba labule kamar yau aka sa shi. Na leƙa kicin na tarar idon Rukayya ya yi ja. Ta ce, "Albasa ce, Yaya." Albasar tana cikin kwando ko ɓarewa ba a yi ba.

Na fito na ce zan yi wa yaro wanka, na karɓe shi, na bi ta baya na miƙa wa uwarsa. Nan take gida ya yi tsit. Inna ta ɗaga murya daga falo, "Kin ji ko? Ya fara sabawa da ni." Haka muka ƙarasa yinin. A yammacin nan Abba ya sha wanka fiye da agwagwa.

Asibiti

Washegari da sassafe muka tafi, yaro a bayan Inna. An ce kada a ba shi komai tun kafin asuba, don in aka sa shi barcin tiyata da abu a cikinsa zai iya dawowa ya shiga huhu. Ga yunwa, ga baƙon baya, tun a mota ya fara.

A wurin karɓar marasa lafiya wata nas mai fara'a, wadda Hausarta ba ta nuna ba, ta ce, "Mama, yaro nan sunanta wa?" Muka yi cirko-cirko. Sunan mahaifinmu marigayi aka sa masa, Abba laƙabi ne kawai. Inna ba ta taɓa faɗar sunan mijinta ba, ni da Sanusi ba ma kama sunan ubanmu a gabanta, Rukayya kuma abin ya haɗe mata biyu, ga ɗan fari ga suruki. Nas ta bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya. "Ku huɗu, ba wanda ta san suna? Sato shi kuka yi?" Sanusi ya miƙa mata katin asibiti, ta rangaɗa sunan har da na kaka, muka gyaɗa kai tare, Inna ta sunkuyar da kai kamar a ranar aka kawo ta gidan miji. Ku ma masu karatu kada ku sa ran gani a nan.

Dariyar ba ta daɗe ba. Akwai wani yaro a gabanmu, aka ce mu jira. Inna ta dinga kai da kawowa tana jijjiga, tana yi masa waƙa, kuka sai gaba yake. Rukayya ta zauna can ƙarshen benci tana murɗa gefen hijabi. Can sai muryar kukan ta canza, ta zama irin wadda ke tsinka wa mutum ciki. Inna ta sauke shi ta buɗe nafkin. Wurin ya kumbura kamar ƙwan kaza, ya yi tauri.

Nas ta ruga ta kira likita. Ya zo ya kwantar da shi ya sa yatsu a hankali, amma yaro ya sanƙare yana harbin iska. Likita ya ce, "Zan ba shi maganin da zai rage masa zafi, amma sai ya saki jikinsa hanjin zai koma. In ya ƙi, aikin ya canza. Wa ya fi sabawa da shi? Ina uwar?"

Rukayya ta miƙe, ta yi taku ɗaya, ta tsaya, idonta a ƙasa. Ban taɓa jin haushin al'adarmu irin na wannan lokacin ba. Inna ta juya ta dube ta, ni ma na duba. Gaban hijabin Rukayya ya jiƙe sharkaf, nono ne ya zubo saboda kukan ɗanta, ita ko sani ba ta yi ba.

Inna ta naɗe zanin goyon, ta ajiye a kan benci kusa da Rukayya ba tare da ta kalle ta ba, sannan ta ce da ni, "Ke, tashi ki kai ni in ga gari."

"Yanzu, Inna?"

"Yanzu. Tun da na zo ban ga Abujar nan da ake faɗa ba."

Raina ya ɓaci, na bi ta ina ƙunƙuni. Sai da muka kai ƙofa na waiga na ga Rukayya ta riga ta rungume shi a ƙirji, bakinta a kunnensa, sannan na gane. Ashe ni ma, yayar miji, ina cikin masu tare hanyar.

Yawon ganin gari

Yawonmu bai wuce bakin get ba. Muka zauna a gindin wata bishiya kusa da mai sayar da lemo, gabanmu katangar langa-langa ta wani gini da ake yi. Abujar da Inna ta gani ke nan. Ta fito da carbi tana ja. Mai lemo ya ɓare mata ɗaya kyauta, ta riƙe shi har ya bushe.

Can Sanusi ya fito. Ya ce uwar na rungume shi ya yi laushi, maganin ya kama shi, likita ya lallaɓa hanjin ya koma. Ita ta kai shi har ƙofar ɗakin tiyata, a jikinta ya yi barci. Inna ta ce, "To me ka fito yi? Koma ka tsaya kusa da ita."

Azahar ta kusa ya sake fitowa, tun daga nesa haƙoransa suka ba mu labari. An yi ɗan yanka a matsematsin, an ɗaure ƙofar, hanji lafiya lau bai taɓu ba, yaro ya farka har an ce a ba shi nono. Inna ta ce alhamdulillahi, ta sake cewa, sai hawaye. Na ce, "Inna, kuka?" Ta ce, "Simintin mutanen nan ne ya shiga mini ido."

Da za mu koma ciki, tun daga farkon baranda ta hau tari tana jan takalmi, don a san tana tafe. Muka tarar da Abba kwance a cinyar uwarsa, 'yar filasta a mararsa. Rukayya ta zabura za ta ajiye shi. Inna ta ɗaga hannu. "Zauna. Ni bayana ciwo yake, ba zan iya da nauyin mijin nan ba. Riƙe mini shi." Rukayya ta ce, "To, Inna."

Komawa gida

Kwana ɗaya aka riƙe su aka sallame su. Muka ƙara 'yan kwanaki a Durumi, ciwon bayan Inna bai sassauta ba ko sau ɗaya. Tana zaune a tabarma tana ba da umarnin miya, tana yi wa Maigida gorin rowa daga nesa. Da ya ga ba mai kama shi, shi da kansa ya fara rarrafowa yana jan carbinta. Ranar da za mu taho Rukayya ta je kasuwar Gudu ta yi mana tsaraba, ta rako mu har bakin titi da yaro a bayanta, a gaban Inna, kanta a sunkuye amma ba ta sauke shi ba.

Ciwon baya kuwa a Zuba ya warke. Da idona na ga Inna ta sunkuci ƙullin doya ta jefa a but tun kafin kwandasta ya juyo. Muka yi azahar a Kaduna, la'asar sakaliya ta yi mana a ƙofar gida.

Allah muke gode wa da ya kai mu ya dawo da mu, ya kuma tashi kafaɗar yaron nan. Likitan da nas ɗin da ta ce sato shi muka yi, Allah ya saka musu da alheri, haka direbobin da suka yi haƙuri da mu.

Ko hijabi ba mu cire ba maƙwabciyarmu Tabawa ta shigo yi mana sannu da zuwa. Bayan an gaisa ta ce, "Inna, ai kin sha goyo. Ɗan fari sai kaka."

Inna ta ci gaba da kwance ɗaurin kaya. Can ta ce, "Ban goya ba, Tabawa. Na je ne in riƙe shi, na tarar yana da uwa."