Faifai na Biyu Daga Hagu

Mijina ya rasu ya bar mini shagon hoto a bakin kasuwar Tsanyawa, da wata baƙar akwati mai faifan ajiyar kwamfuta huɗu a ƙarƙashin tebur. A cikinta bukukuwan mutane suke kwance, amare da masu suna da 'yan sauka. A cikinta kuma akwai wani bidiyo na minti uku da na ɗauke shi a bakin ruwan Watari, makon da muka tare. A nan kaɗai muryarsa ta rage mini.

Ya sha gaya mini faya-fayan nan suna riƙe wa juna kaya, ko ɗaya ya mutu babu abin da zai ɓata. Amma idan biyu suka tafi tare, shi ke nan.

Cikin damina wata safiya akwatin ta fara ƙara, kwamfuta ta nuna faifai ɗaya ya mutu. Ƙanin mijina, mai gyaran kwamfuta a Kano, ya aiko sabo ta hannun direban bas ran kasuwa, a naɗe cikin tsohuwar hula. Ya kira ni ya ce in zaro na biyu, in zura sabon a gurbinsa.

Na durƙusa, na yi bisimilla, na ƙirga daga dama kamar yadda hannuna ya saba tun ina rubutun allo, na zaro. Ƙarar ta ninka. Hotunan da ke kan kwamfuta suka ɓace gaba ɗaya. Na kira shi na gaya masa.

"Matar Yaya, daga wane gefe kika ƙirga?"

"Daga dama mana."

Mutumin da ba ya minti ɗaya bai tsokane ni ba ya bar wasa. Ya ce lafiyayyen na cire, daga hagu ake ƙirgawa. In mayar da shi a hankali, in kashe akwatin, in sake kunnawa. Faifan da ɗuminsa a tafina, kamar ƙwan da aka ɗauko daga ƙarƙashin kaza.

Da hotunan suka dawo ne ya ja numfashi, ya ce daga yau sai ya riƙa aiko mini umarni da ajami. Na sa sabon a inda ya dace. Ya ce kada in buɗe komai sai sauran ukun sun gama cika shi.

Kwana biyu aka yi. Wutar sola muke amfani da ita, hadari kuwa kullum yana haɗowa ta wajen Bagwai. Na kashe fanka da firinta don kada wutar ta ƙare, na zauna ina kallon gero yana kaɗawa bayan taga, ina raya cewa amaren nan ne suke ƙaura ɗaya bayan ɗaya zuwa sabon ɗaki, mijina kuma yana can ƙarshen layi, ya bar kowa ya riga shi shiga, kamar yadda ya saba.

Rana ta uku da hantsi fitilar jikin akwatin ta koma kore, alamar an gama. Na buɗe bidiyon. Ga mijina tsaye cikin gonar albasa, iska tana cika masa riga. Ya juyo wajen kyamarar da nake riƙe da ita yana dariya.

"Riƙe da kyau mana, hannunki rawa yake."

Rawar kuwa yake yi.