Bargo Rabi Shuɗi Rabi Ruwan Toka

Shekarun baya, wata Juma'a bayan la'asar, muna zaune a tsakar gidana. Da ni, da ɗana na fari wanda ya shigo daga gona da taɓo har ƙauri, da matarsa, da autata da ta zo wankan jego, da jaririnta a cinya, sai ƙanwar mijina marigayi wadda ta taso daga Bunkure yin barka ta ƙi komawa. A ranar na gama bargon da nake saƙa wa jaririn.

Ni ba mai saƙa ba ce tun asali. Sana'ata turara shinkafa, a gindin tukunya na tsufa. Da hayaƙi ya fara sa ni tari, ɗana ya kwashe tukwanen ya ce na huta. Hutun ne ya kusa kashe ni. Na zama ba ni da aiki sai kallon mutane da yi musu gyara, ga shi dama an san ni da haka. Ba a shara a gidana in kasa nuna inda aka tsallake. Surukata kuwa ta iya kwarashi, ina jin don ta samu sauƙina ne ta miƙo min shi wata rana ta ce, "Inna, ko za ki gwada?"

Na kama shi kamar muciya. Ta yi ta cewa in sassauta hannu, zare ba ya son ƙarfi, ni kuma ban taɓa sanin aikin da ba ya son ƙarfi ba. Abin da na fara saƙawa ya nannaɗe ya koma kamar ƙoƙo, aka rasa sunan da za a ba shi. Amma na nace. Kullum in na idar da la'asar sai in jawo kwandon zare in zauna bakin ƙofa har magariba. Da cikin autata ya tsufa na ce bargo zan yi, shuɗi mai haske, na hana kowa taɓawa ko leƙawa. Zaren ya ƙare a tsakiya, na laluba kwandon na ɗauko wani ƙulli irinsa na ci gaba.

To, ranar na warware shi a gabansu na shimfiɗa a tabarma. Sai surukata ta ce, "Ya yi kyau, Inna. Wallahi ya yi kyau." Autata ta yi wuf ta ɗauke ta naɗe yaron a ciki. Ɗana ya yi gyaran murya ya kama zancen ruwan noman rani da ba a sako musu a kwata ba, wai tumatir ya fara yaushi.

Ni na san gidana. Ba a rantsuwa a kan abu mai kyau, kuma ɗana ba ya kawo min zancen gona ba a tambaye shi ba. Na ce, "Me ya samu bargon?"

"Babu komai, Inna."

Ƙanwar mijina tana cin goro. Tsakanina da ita wasa ne tun ina amarya, ba ta taɓa raga min ba. Ta ce, "Matar yaya, su tsoronki suke ji, ni kuwa na ga lokacin da ba ki iya tuwo ba. Bargonki rabi shuɗi ne rabi ruwan toka. Ga ramuka a gefe, kaza ma ta zura kai."

Na ce ƙarya take, hassada ce irin ta dangin miji. Na karɓo bargon na kai shi dab da fuskata, na fita da shi inda rana take. Launi ɗaya na gani daga farko har ƙarshe. Sai da na bi da yatsa na ji ramukan.

Da na dawo na zauna, muryarta ta sauya, babu wasa a ciki. Ta ce, "Tun da na zo nake kallo. Kin tsince shinkafa kin miƙa, surukarki ta shiga madafa ta sake tsincewa a ɓoye. Dutsen da ke bakin rijiya ina yake? Ɗanki ya ɗauke tun da kika yi tuntuɓe da shi. In an shigo ta hagunki ba kya sani sai an yi sallama. Kowa ya sani, ke kaɗai aka bari."

Na juya wajen ɗana. Kansa na ƙasa. Ya ce, "Mun rasa wanda zai faɗa miki ne."

Ban yi kuka ba, ba halina ba ne. Na ce su tashi su yi alwala magariba ta kusa, na shige ɗaki. Ina jin surukata tana shessheƙa a madafa, ban kira ta ba.

Daga baya likita ya ce ciwon ya daɗe yana cin idon daga gefe, a hankali, ba zafi. Na hagu ya riga ya tafi. Na dama ana ɗiga masa magani don ya tsaya inda yake, wanda ya ɓace kuma ba ya dawowa. Ya ce da an zo da wuri da an tsira da fiye da haka. Wannan maganar ce har yau take min nauyi. Ban ga laifinsu ba. Ni na gina gida inda ake gwammace a sake aiki a ɓoye da a ce min na yi kuskure, ina ganin tarbiyya ce. Har yanzu ina saƙa kullum bayan la'asar, da yatsa nake ƙirga, kuma sai na tambayi launi kafin in ɗauki zare. Ana ba ni amsa, amma har gobe ina jin ɗan jinkirin da ake yi kafin a amsa.

Washegarin ranar da na warware bargon, ina idar da asuba na yafa mayafi na je zaure na zauna. Ɗana ya fito da fartanya a kafaɗa, ya gan ni ya tsaya. Na ce yau ba gona, asibiti zai kai ni. A wajenmu uwa tana kunyar ɗan fari, ba na kiran sunansa, rabon da in taɓa jikinsa tun yaye. Ya jingine fartanyar ya buɗe ƙofa ya tsaya yana jiran in wuce gaba kamar kullum. Sai na miƙa masa hannuna.