Takardar Bado

Har yau in na ji warin shuni a jikin sabon zane, sai takardar nan ta dawo mini. Mahaifina marini ne a Kalgo, bai iya rubutu ba. Ina shekara bakwai Turawa suka kwashi 'yan dako zuwa yaƙinsu, har da shi. Damina biyu ba labari. Sai ga wani falke da takarda, wai daga hannun mahaifina ta fito.

Babu harafi ko ɗaya a ciki. Furannin bado ne, an zana su da ruwan shuni da jan karan dafi, launukan sun narke cikin juna kamar abin da mutum ke gani dab da farkawa. Ba ka gane inda fure ya ƙare ruwa ya fara.

Lokacin kawunnaina na Gwandu sun matsa wa inna ta je gaban alƙali a raba auren. Malamin cikinsu ya juya takardar, ya ce babu abin karantawa. Inna kuwa ruwan kawai ta gani, ta ce bankwana ne, ta kifa kai tana kuka.

Kakata, uwar mahaifina, mai ido ɗaya da baki goma, ta karɓa ta daɗe tana kallo.

"Mai bankwana ba shi zana toho," in ji ta. "Ga biyu sun buɗe, ga guda bai buɗe ba. Damana ta ukku shina tahe."

Inna ta zauna, ba a raba auren ba. Ni kuma kullum ina bakin fadama, ina roƙon bado ya buɗe. Damina ta uku ta wuce shiru. Kakata ta sake dubawa, ta gano wani tohon ɓoye cikin shuɗin.

A ta huɗu mahaifina ya dawo, ya rame kamar kara. Da muka tambaye shi ma'anar zanen, ya ce kewar fadama ce kawai, kuma tsaf ya zana, kayan falken ne suka jiƙe a gulbi.

Sai da na girma kakata ta faɗa mini gaskiya. "Ni ma ban ga komi ba, ɗiyata. Uwarki nike so ta zauna."

Yanzu wasiƙa takan zo da rubutu ɓaro-ɓaro, ba ta bar wa tsohuwa wurin rufa asiri. Takardar tana cikin adakata, ta koɗe. Jikana yana can nesa, damina biyu ba labari. Jiya na ɗauko ta, na kuwa ga toho.