Mai Kiran Lamba a Ɗakin Jira

Ni mai ba da magani ne a wani ƙaramin asibiti. Tagata tana kallon ɗakin jira, don haka yawancin abin da zan faɗa ba ji na yi ba.

An ɗauki wata mata aikin kiran marasa lafiya bisa lamba, gwajin wata ɗaya. Aikin ba ya son komai sai murya, ita kuwa muryar ce ba ta zo da ita ba. Shekara goma sha ɗaya ta yi da mijin da in ta ɗaga murya yake ɗaga hannu. Ta fito da 'ya'ya biyu, suna raɓe a ɗakin yayarta. In aikin nan ya kuɓuce, raɓewar za ta ci gaba.

Makon farko ba ta kira kowa ba. Bin benci take yi tana rusunawa: "Don Allah yi haƙuri, ko kai ne lamba tara?" Kafin ta gano tara, sha biyu ya ga likita, ya karɓi magani a wurina, ya kama hanyar gida. Ran Laraba ta bugi ƙofa da gwiwar hannu, ta ba ƙofar haƙuri.

Sista, shugabar ma'aikatan jinya, ta ce, "Ƙanwata, mai kira na ɗauka, ba mai gaisuwa ba. Saura mako uku."

Inna mai shara ce ta ɗauki nauyin koya mata kira. Kullum a hutun rana sai ta ja ta bayan gini inda janareta ke ruri, ta tsaya can nesa riƙe da tsintsiyarta, ta juya mata baya.

"To, kira ni."

"Lamba ɗaya."

"Da wa kike, 'yar nan? Da takalminki?"

"Kada mutane su ce ina yi musu tsawa, Inna."

"Su ce mana. Kin taɓa ganin wanda aka ba gado don an kira lambarsa da ƙarfi?"

A mako na uku Inna ta fara juyowa. Wata rana har mai gadi ya amsa daga bakin ƙofa.

Saura kwana biyu wata ya cika, wani ƙaton mutum mai lamba talatin ya miƙe ya nufi ɗakin likita, alhali ana kan sha huɗu. Sai mai kira ta ɗaga murya:

"Malam, ba a zo kanka ba. Koma ka zauna."

Har layin baya an ji. Ya dube ta, ya dubi jama'a, ya koma ya zauna, ya shiga karanta lambarsa da kyau. Ita kuma ta kira sha huɗu, ta shige ɗakin ajiya ta rufe ƙofa. Minti biyar ta yi. Ta fito ido jajir, ta kira sha biyar.

Sista ba mai yabo ba ce. Da yamma dai ta manna jadawalin sabon wata, sunan mai kira yana ciki, da biro, ba fensir ba.

Mai kira ta daɗe tana dubansa. Sannan ta juya ta ce, "Sista, kujerar nan da aka ba ni, ƙafarta ɗaya gajeriya ce. A canja mini."